Mujalla Mai Bango Biyu: Labarin Ƙaramar Maɗaba'armu a Garwa

Ni haifaffen Garwa ne, a Arewacin Kamaru, a unguwar Hausawa na tashi, kuma sana'ar da na koya tun ina saurayi ita ce aikin maɗaba'a. Shekaru da dama ke nan ina fitar da wata ƙaramar mujalla ta rubutattun waƙoƙin Hausa, tare da 'yan littattafan waƙa da muke bugawa jefi-jefi idan hali ya samu, ba tare da wata hukuma ko wani attajiri ya tsaya mana ba. Masu tambayata yadda aka yi abin ya ɗore sun yi yawa, musamman matasan da ke sha'awar fara irinsa a Marwa da Ngaundere da Njamena, shi ya sa na ga ya dace in rubuta labarin gwargwadon abin da na gani da idona.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bafatake ne mai safarar goro da tufafi tsakanin Garwa da Yola, amma yana da wata gafaka da ya cika da waƙoƙin wa'azi da na begen Annabi a rubuce da ajami, waɗansu shi ya kwafa da hannunsa, waɗansu kuwa gadonsu ya yi. Bayan sallar isha'i yakan zaro ɗaya ya rera mana, kuma ta nan waƙa ta shiga kunnena tun ban san ma'anar rabin abin da ake faɗa ba. An sa ni makarantar allo, an kuma sa ni makarantar gwamnati inda da Faransanci kaɗai ake koyarwa, saboda haka na girma ina karanta Hausa da ajami, ina karanta Faransanci da baƙaƙen boko, ina cinikin kasuwa da Fulatanci kamar kowane ɗan Garwa, amma ban taɓa ganin Hausa a rubuce da boko ba sai ranar da wani tsohon shafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya zo gidanmu a naɗe da kayan da aka sayo a Yola. Wannan jarida tun 1939 aka fara buga ta a Zariya, kuma yaran Arewacin Nijeriya a aji ake koya musu karatun Hausa da rubutunta. Mu a nan babu wanda ya koya mana. Duk wahalar da na sha daga baya a kan mujalla, idan aka bi diddiginta, daga wannan bambancin ta samo asali.

Ina yaron shago a wata maɗaba'a da ke buga katin biki da rasit da kalanda aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. Takarda da tawada duk daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya yi tashin gwauron zabi cikin 'yan makonni, na kuwa ga maigidana yana ƙirga fallayen takarda ɗaya bayan ɗaya kafin ya ba mu. Tun a lokacin na gane cewa a wannan sana'a takarda ce ke da maganar ƙarshe, ba mai shago ba.

Bayan na buɗe nawa shagon, sai ya zama majalisar abokai da yamma: akwai tela, akwai malamin firamare, akwai ma'aikacin asibiti, akwai kuma wani dattijon malamin zaure da dukanmu muke girmamawa. Kowannensu yana rubuta waƙa a ɓoye, ko kuwa yana da wadda ya haddace daga bakin iyayensa. Abin da ya zaburar da mu shi ne rasuwar wani tsoho a unguwarmu wanda aka san shi da tsara waƙoƙin wa'azi tun zamanin Ahmadu Ahijo, shugaban Kamaru na farko. Da iyalansa suka buɗe akwatinsa bayan sadakar arba'in, sai aka tarar gara ta cinye takardun, abin da ya saura bai fi gefe-gefen shafuka ba. A daren nan muka yanke shawarar yin adashe, kowa ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa a ƙarshen wata, ni kuma in ba da injina da lokacina. Dokar 'yancin sadarwa ta watan Disambar 1990 ta buɗe ƙofar kafa jaridu masu zaman kansu a Kamaru, ta hanyar sanar da hukuma a rubuce, muka bi wannan ƙa'ida muka shigar da takardunmu domin kada wata rana a ce muna aiki a ɓoye.

Muhawarar farko da muka yi, wadda ta fi kowace zafi, ita ce da wane rubutu za a buga mujallar. Malamin firamare ya tsaya kai da fata a kan boko, yana cewa da shi ake buga littattafai a Kano da Zariya, kuma da shi kwamfuta ke aiki. Dattijon malamin ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, wa za ka sayar wa? Waɗanda ke son waƙa a garin nan, su ne waɗanda ba su iya bokon ba, waɗanda suka iya bokon kuwa Faransanci suke karantawa da shi.” Na ce, “Allah ya gafarta Malam, to yaya za mu yi da yaranmu da ba su zauna a gaban allo sun daɗe ba?” Ya ce, “Sai ka ba kowa ƙofar da zai shiga.” Daga wannan maganar mujallarmu ta sami siffar da aka san ta da ita har yau, wato bango biyu. Idan ka buɗe ta daga dama, ajami za ka tarar. Idan ka juya ta ka buɗe daga hagu, waƙoƙin nan dai su ne da boko, rubutun biyu kuma su haɗu a tsakiya.

Faɗar wannan ya fi yin sa sauƙi. Mujallar shafi 32 ce, wato fallen takarda 8 da ake bugawa gaba da baya, a ninke su biyu, a ɗinke tsakiya da waya, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san dole adadin shafuka ya rabu huɗu-huɗu ba saura. Kowane falle yana ɗauke da shafuka biyu na ajami da biyu na boko, lambobinsu kuma suna tafiya ta fuskoki biyu masu karo da juna, saboda haka kafin a kunna inji sai na ninke fararen takardu na yi samfuri, na rubuta lambar kowane shafi da fensir, na warware shi a kan tebur, sa'an nan in san wane shafi ne zai kwanta kusa da wane. Kwafi 300 muke bugawa a kowace fitowa, abin da ke cin falle 2,400, kusan rim biyar ke nan ban da na bango da waɗanda inji ke lalatawa. Da hunturu takarda takan bushe ta manne da 'yar'uwarta, inji ya ja biyu-biyu. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40 kuma ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wutar lantarki ya ja baya, wuta takan ɗauke ana tsakiyar aiki, sai mu koma yin bugu da dare ko mu sayi man janareta daga kuɗin da ba mu da shi.

Ɓangaren ajami ba a kwamfuta muke tsara shi ba. Baƙaƙen Larabcin da ke cikin kwamfuta irin na ƙasashen gabas ne, alhali mutanenmu da rubutun warash suka buɗe ido, wanda ake ɗiga wa fa'un ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da ke nuna wasalin da babu shi a rubutun gabas. Tsohon da ya saba da wannan hannu, idan ka miƙa masa bugun gabas sai ya riƙa tuntuɓe a kowane layi, waƙa kuwa ba ta jure tuntuɓe. Don haka muka sami wani alaramma mai kyan hannu, wanda ke rubuta kowace waƙa da alƙalamin kara da tawadar da yake dafawa da kansa, mu ɗauki hoton shafin mu rage girmansa mu buga. Yakan zauna a kan buzunsa a zauren gidansa, ya ɗora takardar a kan gwiwa, ya rera baitin a hankali kafin ya sa alƙalami, kuma sau da yawa a nan yake kama kuskuren da ya wuce mu duka. Ɓangaren boko shi ma da tasa matsalar a shekarun farko, domin kwamfutar da nake da ita ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai ƙanwata ta bi shafin asali da siririn alƙalami tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kafin a kai inji. Yanzu wannan ya wuce, har a wayar hannu ana samunsu.

Yawancin waƙoƙin da matasa ke kawo mana da ƙa'idar rubutun Faransanci suke zuwa, inda za ka ga “tchikin” a maimakon “cikin”, ko “koudi” a maimakon “kuɗi”. Ba na ganin laifinsu, tun da abin da aka koya musu ke nan. Abin da muka yi shi ne ware shafin tsakiya, inda rubutun biyu ke haɗuwa, ya zama wurin darasi: a kowace fitowa mukan jera baƙaƙen ajami da takwarorinsu na boko, mu kawo baiti ɗaya da rubutun biyu ƙasa da juna. Na san tela da direba da matan aure da dama da suka koyi karatun boko ta wannan shafi, na kuma san ɗaliban jami'ar Ngaundere da ta Marwa da suka koma karanta takardun kakanninsu ta dalilinsa. A ganina wannan shafi ɗaya ya yi aikin da ya fi na sauran shafukan a haɗe, ko da yake marubutanmu ba sa son jin haka.

Zaɓen waƙa shi ne inda ake samun ɓacin rai. Ƙa'idarmu ita ce ba a karɓar waƙa da ido, sai an rera ta a majalisa, domin rubutacciyar waƙar Hausa a kan kari take tafiya, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma kunne ne ke gane inda ɗango, wato layi ɗaya na baiti, ya karye. A nan ajami ya fi boko amfani, tun da shi yana nuna dogon wasali da alif ko wawu ko ya, boko kuwa ba ya bambanta dogo da gajere. Mukan duba amsa-amo, mu duba ko mai waƙar da ya fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, ya riƙe ta har ƙarshe, ko wanda ya ɗauko ƙwar biyar ya iya riƙe babban amsa-amo, wanda kowane baiti ke ƙarewa da shi, a ɗango na biyar ba tare da ya cusa kalmar da ba ta da wurin zama ba. Mafi yawan abin da muke mayarwa ba don karyewar kari ba ne, don rashin abin faɗa ne. Mutum zai yi baiti 40 a kan haƙuri ko a kan lalacewar zamani, babu baiti ɗaya da wani bai riga shi faɗa ba. Na fi son baiti 7 a kan masuntan Binuwai, ko a kan manomin audugar da ke jiran kuɗinsa, ko a kan daren da ake kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ko da akwai ɗan gyara a cikinsu.

Mayar wa dattijo waƙarsa ba ƙaramin abu ba ne. Akwai wani malami, sa'an mahaifina, da ya kawo waƙar ta'aziyyar ɗan'uwansa, mai kyau ƙwarai, sai dai ɗango ɗaya ya yi tsawo. Ban aika yaro ba, na je da kaina na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, na zo ne a rera mini baiti na tara, domin harshena ya kasa hawansa.” Ya rera, ya tsaya, ya sake rerawa, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, “Ba harshenka ba ne, ɗan nan, miƙo alƙalami.” Ya cire kalma ɗaya, baitin ya zauna. Ba kowa ne ke karɓa haka ba. Akwai wanda ya daina amsa sallamata har yau.

Abu guda da na ƙi yarda da shi shi ne mayar da Hausar marubutanmu ta zama ta Kano ƙarfi da yaji. Muna bin daidaitacciyar ƙa'idar rubutu wajen baƙaƙe da rabon kalmomi, amma idan mawaƙin Kuseri ya sako kalmar Larabcin Shuwa, ko na Garwa ya aro ta Fulatanci ko ta Faransanci da kowa ke faɗa a kasuwa, mukan bar masa abinsa mu yi bayani a ƙasan shafi. Hausawa sun daɗe a wannan yanki, fatake da malamai da mahauta da masu sana'a iri-iri, kuma harshensu ya sha ruwan wurin. Wani mai karatu daga Nijeriya ya taɓa rubuto mana cewa Hausarmu tana da gyara, na amsa masa da cewa idan muka goge wannan, babu sauran dalilin da zai sa a buga mujalla a Garwa.

Maganar kuɗi kuwa gajera ce, domin ba su da yawa. Sefa 500 muke sayar da kwafi, dala ɗari a lissafin kasuwa, kuma ba a taɓa yin fitowar da ta mayar da abin da aka kashe mata ba. Katin biki da rasit ne ke ciyar da waƙa a shagona. Marubuta ba ma biyansu, kwafi uku-uku muke ba su, sun kuwa san haka tun farko. Gab da wani zaɓe, wani alhaji mai hali ya aiko a kira ni, ya ce zai ɗauki nauyin takardar shekara guda idan za a sa hotonsa a bango tare da waƙar yabonsa da wani ya tsara masa. A lokacin ana bina bashin rim goma. Na ce, “Ranka ya daɗe, idan kalanda kake so ko fosta, gobe zan buga maka da farashi mai sauƙi, amma mujallar ba tawa ba ce ni kaɗai.” Na kawo maganar majalisa, tela ya ce a karɓa, ai yabo ma waƙa ne, kuma gaskiyarsa, yabo tsohon fanni ne a waƙar Hausa. Dattijon malaminmu ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ya ƙara da cewa wanda ya sayi bango bana, baɗi shi zai zaɓi abin da za a sa a ciki. Ba mu karɓa ba, fitowar ta makara da wata biyu, alhajin kuma ya kai aikin fostarsa wani shago.

Rarraba mujallar a hannun direbobi da 'yan kasuwa yake. Mukan ɗaure ƙunshi mu ba motocin safa masu zuwa Marwa da Ngaundere, a can wani mai shagon littattafan addini ko mai sayar da turare a ƙofar masallaci ya karɓa, kuɗin su dawo bayan wata uku ko su ƙi dawowa. Daga Kuseri ake tsallaka gada da 'yan kwafi zuwa Njamena, 'yan goro kuma su kai Yola da Mubi. Shekarar 2014 ta yanke mana wannan hanya. Rikicin Boko Haram ya sa bin hanyar Mora zuwa Kuseri ya zama kasada, a watan Oktoba na shekarar kuma aka kame Mubi, masu karɓar mana kaya a can suka watse. Amma a wannan lokacin ne muka sami waƙoƙin da suka fi kowaɗanne nauyi, daga bakin mutanen da suka baro gidajensu. Wata baiwar Allah da ta sauka a gidan 'yan'uwanta a unguwarmu ta aiko ɗanta ya kira ni, ta ce, “Malam, ni ban iya rubutu ba, amma akwai abin da na tsara a hanya.” Tana bayan labule tana rerawa, ina daga zaure ina rubutawa, ta lissafa garuruwan da suka ratsa da ƙafa da sunayen 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba a gani ba. Ta roƙi kada a sa sunanta, muka sa “wata uwa”. Rufe iyakokin ƙasa da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya sake tsayar da abin da ya fara farfaɗowa ta wancan ɓangare, har yanzu kuwa bai koma yadda yake ba.

Wayar hannu ta canza aikin fiye da yadda na zata. Yanzu rabin waƙoƙin da ke zuwa mana ta WhatsApp suke isowa, da yawansu da murya ba da rubutu ba, kuma ta wannan hanya mata suka shigo sosai, waɗanda a da sai dai su ba ƙane ko ɗa ya kawo takarda a ninke. Kuɗin kwafi ma ta waya ake turowa, abin da ya rage mana asara. Mukan ɗauki muryar mai rera kowace waƙa mu tura wa wanda ya saya. Wasu na ba ni shawarar in daina wahalar takarda gaba ɗaya, ni kuwa ban yarda ba, saboda na ga yadda waya ke lalacewa ko a sace ta, duk abin da ke ciki ya bi ta, alhali fitowarmu ta farko tana nan a gidaje da dama, ta yi ja amma ana karanta ta.

Littattafan da muka buga ba su da yawa, kuma kowannensu sai da ya jira shekara ko fiye. Akwai diwanin dattijon malaminmu, wato tarin waƙoƙinsa, wanda Allah ya nufa ya riƙe shi a hannunsa kafin ya rasu, akwai tarin waƙoƙin mata, akwai kuma abin da muka iya cetowa daga gafakar mahaifina da ta wasu gidaje uku da suka amince suka ba mu aron takardunsu. Wannan na ƙarshen shi ya fi cin lokaci, domin sau da yawa kwafi biyu na waƙa ɗaya sukan saɓa wa juna, sai mun nemo tsohuwar da ta haddace ta kafin mu san wanne ya fi kusa da asali, inda muka kasa rarrabewa kuma mu buga duka biyun.

Damuwata a yanzu ita ce idon alaramma ya fara rauni, ba ya iya rubuta fiye da shafi biyu a yini. Ya ɗauki almajiransa biyu yana koya musu girman baƙi da tazarar layin da injinmu ke buƙata, ɗaya daga cikinsu ne ma ya rubuta rabin fitowar da ta gabata, masu karatu kaɗan ne suka lura da canjin hannu. 'Yar ƙanwata, wadda ta gama jami'a a Marwa, ita ke tsara ɓangaren boko da amsa saƙonni, ta kuma fara ɗaukar hoton tsofaffin fitowa shafi-shafi domin a adana su a wuri fiye da ɗaya. Fitowa mai zuwa ta waƙoƙin damina ce, an riga an zaɓi goma sha ɗaya, saura kuɗin rim biyu da takardar bango.